Shafina, Layin Tela

Ban taɓa shan wuya a kan abin banza kamar yadda na sha a kan shafin nan na waya ba. Na ɗauki kwalin banda a ka har wuyana ya sage, na yini a bakin ruwa a Dagona ina jiran masunta, mota ta taɓa lalacewa da ni a daji da ɗanyen kifi a baya yana neman ruɓewa. Duk wannan aiki ne, in ka gama ka yi wanka ka kwanta. Amma a ce za ka rufe abin da yake naka, ba ka san inda ƙofar take ba, rubutun duk Turanci, kuma wanda kake son kora shi za ka je ka roƙa ya taimake ka ka kore shi, wannan kam ya gajiyar da ni. Har yau in na tuna sai na ji bakina ya yi ɗaci.

Ni mai sayar da bandar kifi ne a Gashuwa. Kakanninmu daga Haɗejiya suka zo, amma a Nguru aka haife ni, can kuma Inna, mahaifiyata, take zaune har yanzu, ita da ƙanwata. Boko ban yi nisa ba, firamare ma ban ƙarasa ba. Hausa ina karantawa a hankali, ina bi da yatsa. Turanci kuwa sai na ciniki.

Akwai wani tela a Nguru, unguwarmu ɗaya, tare muka tashi. Shi ya yi sakandare. Yana ce mini sarkin ƙarni, ina ce masa ɗan allura. Shi ya ɗinka mini kayan aure, ni na tsaya masa a nasa. In na shiga Nguru, kafin na isa gida sai na tsaya a shagonsa na sha ruwa, ya toshe hanci ya ce in zauna daga bakin ƙofa kada in sa wa yadin mutane wari.

Da na sayi babbar waya, wajensa na kai. A wajenmu haka ake yi, wanda ya iya shi yake buɗe wa wanda bai iya ba, ba wanda yake ganin wani abu a ciki. Ya ce zai buɗe mini shafi a dandalin nan da kowa yake ciki, in riƙa ɗora hoton kifi masu saye suna gani. Da aka zo wajen sa lambar waya, sai ya zama layina yana cikin ƙaramar wayata, na baro ta a Gashuwa. Ya ce, "Bar shi, sarkin ƙarni, in sa nawa. Nawa da naka duk ɗaya ne." Ya sa layinsa. Ya zaɓi kalmar sirri da kansa, ya faɗa mini, kafin na kai tasha na manta ta. Ban kuma damu ba, don kullum in na taɓa sai shafin ya buɗe da kansa.

Shekaru ina amfani da shi. In kaya sun zo in ɗauki hoto in ɗora, 'yan kasuwa daga Kano da kudu su gani su kira. Saƙo kuwa da murya nake yi, tunda rubutu yana ba ni wahala. Da matata, da 'ya'yana, da abokan ciniki, duk ta akwatin saƙon nan nake magana, ina ɗauka ni da wanda na tura wa ne kawai muke ji.

Wanda ya san Gashuwa ya san ciwon ƙoda, ba sai an yi masa bayani ba. Shi ya ɗauki wana. Mun yi yawon asibiti da shi, mun yi wankin ƙoda har inda ƙarfinmu ya kai, ya rasu a hannun Inna. Tun daga nan ba ta koma daidai ba. In ta ji an ambaci ciwon, ko a rediyo ne, sai ta tashi ta shige ɗaki.

To sai ga ni na fara tashi da safe fuska a kumbure, takalmina ya fara matse ni. Na je asibiti aka yi gwaji. Likita ya ce ƙoda ce, amma an gano da wuri, ba ta kai ga wanki ba. Ya ba ni magani, ya hana ni gishiri da kanwa da shan ƙwayar ciwon jiki barkatai. Da na fito na zauna a gindin wata bishiya na yanke shawara ɗaya: Inna ba za ta ji ba. Ta binne ɗa ɗaya da wannan ciwo, ba zan sa ta zauna tana jiran na biyu ba.

Matata na gaya wa, sai babbar 'yata da take aure a Damaturu, don ita ta yi karatun lafiya. Na ɗauki hoton takardar gwajin da hoton ƙafata na tura mata ta akwatin saƙon shafin. Na yi mata magana mai tsawo da murya. A wani wajen muryar tawa ta karye, na tsaya na ci gaba. Na ce kada kakarta ta ji, kada kowa ya ji.

Ba a daɗe ba, wata safiya ina buɗe rumfa, maƙwabcina mai sayar da barkono ya zo ya kama hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Sannu, Alhaji. Allah ya sa kaffara ne." Na ce kaffarar me? Kafin ya amsa waya ta fara ƙara. Wannan ya kira daga Kano, wancan daga Kumagannam, kowa sannu da jiki. Mai barkono ya ciro tasa wayar ya nuna mini.

Shafina ne, da hotona a sama. Ga takardar asibiti, ga ƙafata a kumbure a kan tabarmar ɗakina. A ƙasa an yi rubutu da Hausa mai kyau, irin wadda ni ba zan iya ba, wai ni ne nake sanar da 'yan'uwa Musulmi cewa Allah ya jarrabce ni da ciwon ƙoda, ina neman addu'a. Mutane sun cika wajen da amin. Wani ma bai tsaya karantawa ba, ya rubuta Allah ya jiƙansa.

Na bar rumfar a buɗe na tafi wajen mai gyaran waya na bakin kasuwa, wani dattijo Babarbare mai gilashi, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Na ce ɓarayin waya sun shiga shafina. Ya karɓa ya goge abin. Na yi godiya na juya. Ban kai rumfa ba mai barkono ya tare ni ya ce ai ya dawo. An sake ɗorawa, har da ƙarin layi ɗaya, wai neman addu'a ba abin kunya ba ne.

Na koma. Mai gyara ya cire gilashi ya goge da bakin riga ya ce, "Alhaji, ɓarawo ba ya roƙa wa mutum addu'a. Akwai wanda yake ciki tare da kai, kuma ya san ka."

Ya sake gogewa, ya shiga wajen saiti yana nuna mini. A nan na ga yadda nake zaune shekara da shekaru. Duk abin da na ɗora kowa na duniya yana gani. Sunayen abokaina a buɗe, garin da nake a buɗe, hotunan bikin suna da na aure na iyalina a buɗe. Ya riƙa tambayata ɗaya bayan ɗaya, wannan wa kake so ya gani, wannan fa? Na ce duk a rufe. Ya ce in an rufe duka masu sayen kifi ma ba za su ga kifi ba. Muka yi ta ja, a rufe wannan a bar wancan, kaina ya ɗau zafi. Da muka gama sai ya ce, "Amma ka sani, duk abin da na rufe, na ciki yana iya buɗewa. Sai an canza kalmar sirri an kore shi. Mece ce tsohuwar?"

Na ce ban sani ba.

Ya dube ni ta saman gilashi. Ya taɓa wajen da ake cewa an manta. Ya ce za a tura wasu lambobi zuwa layin da aka buɗe shafin da shi, in sun shigo in karanto masa. Muka zuba wa wayoyina biyu ido, ba abin da ya shigo. Ya ce, "Layin nan naka ne kuwa? An ɓoye farkonsa, amma ga ƙarshensa." Ya karanto mini lambobi biyu na ƙarshe.

Layin da na fi kira a duniya bayan na matata. Na ce ya sake karantawa, ya sake. Na nemi benci na zauna.

Na kira tela. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar yana jira.

Na ce, "Wasu lambobi sun shigo wayarka?"

Ya ce, "Sun shigo."

"Karanto mini."

"Ka zo Nguru mu yi magana, mutumina."

"Ka karanto mini, na ce."

"Ba a waya ba." Ya kashe.

Na kira ƙanwata. Tana ɗauka ta ce, "Yaya, da gaske ne?" Ita ma ta gani. Na ce Inna fa? Ta ce tana kwance, ba ta san komai ba. Na ce kada ta bar kowa ya shiga wajenta har na zo. Ta ce, "Yaya, ta yaya zan hana mutane gaida tsohuwa? In ce musu me?" Na ce ta ce barci take yi, ta ce duk abin da ta ga dama.

Mai gyara ya ce lambobin ba sa daɗewa suke mutuwa, sai na je gaban mutumin a nemi sababbi. Ya ce in na isa in kira shi da ƙaramar waya, ya riƙa gaya mini inda zan taɓa.

Motar da na samu ta tsaya a Jajimaji ana ɗora buhuna, ranar kasuwa ce. Direba ya sauka yana cacar baki da 'yan dako, ni ina zaune a baya waya tana ta ƙara a aljihuna ban ɗauka ba. Abin da yake yawo a kaina ba ciwon ba ne. Saƙonni ne. Na lokacin da matata ta yi yaji nake ba ta haƙuri da kalaman da ko a gaban 'ya'yana ba zan faɗa ba. Hoton 'yata a gadon haihuwa ba mayafi, da ta turo mini in ga jikana. Na riƙa tuno su ɗaya ɗaya, kowanne in na tuna sai na ji kamar an yaye mini riga a kasuwa.

Bayan la'asar na isa. Yana kan keke yana ɗinki. Ya ɗago ya ce, "Sarkin ƙarni." Yau bai toshe hanci ba, ya jawo mini kujera har ciki. Na tsaya a tsaye.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun ranar da na buɗe maka. A wayata na fara gwadawa, ban kuma fita ba. In saƙo ya shigo maka sai ya shigo mini."

"Kana saurara?"

"Ba kullum ba."

"Ba kullum ba," na maimaita.

Ya ture yadin da yake ɗinkawa gefe ya ce, "Ka tsaya ka ji. Yayanka haka ya yi. Ya ɓoye, ya ɓoye, sai da ya kasa tashi muka sani. Ni na kama makararsa tare da kai. Kana so in zauna in zuba ido kai ma ka tafi a ɓoye? Yau mutum nawa suka yi maka addu'a? Har wani ya yi maganar wani likita a Kano."

Na ce, "Ciwona ne ko naka?"

"Naka nawa ne."

"Ƙafata ce ka nuna wa duniya. Da ka ji, me ya hana ka kira ni? Me ya hana ka hau mota ka zo ka zage ni a rumfata?"

Sai ya ce, a hankali, yana kallon allurar keken, "Ai na ji abin da ka ce wa 'yarka. Ka ce musamman kada tela ya ji, bakinsa ba ya riƙe magana. Tun muna yawo ba wando muke tare, ka gaya wa yarinyar da aka haifa a gabana, ni ka ce kada in ji."

Na faɗi haka, gaskiya ne. Na faɗa wa 'yata, a maganar da ke tsakanin uba da 'yarsa. Na ce, "To ai ga shi ka nuna mini ba ƙarya na yi maka ba."

Ya jawo yadin da ya ture, ya mayar da shi ƙarƙashin allura.

Na ciro ƙaramar waya na kira mai gyara na maƙala a kunne, babbar tana hannuna. Nan aka shiga wahala. Ya ce in duba kusurwa akwai layuka uku a jere, na taɓa, wani abu daban ya buɗe. Ya ce in koma baya. Ya ce in nemi wani abu kamar faranti mai haƙora. Ya ce me nake gani, na ce rubutu shuɗi da rubutu baƙi. Ya ce in karanto masa baƙaƙen ɗaya ɗaya, na riƙa karantowa kamar ɗan aji ɗaya, yatsana mai kauri yana taɓa biyu a lokaci guda. Gumi yana ɗiga a kan gilashin wayar ina gogewa da hannun riga. Duk wannan a gaban tela. Can ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in yi maka, minti ɗaya ne." Na ja wayata baya. Ban ma dube shi ba.

Da aka kai wajen, wayar tela ta yi ƙara a kan teburin yankan yadi. Na ce, "Karanto." Ya ɗauka ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wallahi don kai na yi." Na ce, "Karanto." Ya karanto da sauri, na ɓata ɗaya, aka ce ba daidai ba. Sai da aka sake nema, ya sake karantowa, wannan karon a hankali, lamba lamba, yana jira in danna kowace.

Mai gyara ya ce in zaɓi sabuwar kalmar sirri, kada in faɗa masa, kada in faɗa wa kowa. Na juya wa tela baya na rubuta. Muka cire layinsa muka sa nawa, lambobi suka shigo ƙaramar wayata, karon farko. Sai ya ce akwai wajen da za a kori duk wata waya da take ciki in ba tawa ba, in taɓa. Na taɓa. Tela ya duba tasa, ya ga shafin ya rufe masa, ya kife ta a kan tebur.

Na kama hanyar fita. Ina bakin ƙofa ya ce, "Mutumina." Na tsaya ban juyo ba. Ya ce, "Mai ɗakina ta je gaida Inna da azahar. Ba ni na aike ta ba. Ta ɗauka Inna ta sani."

Na fita. Daga shagonsa zuwa gidanmu ba nisa, amma ƙafata ta yi nauyi, takalmin ya ci mini fata.

Ƙanwata ta tare ni a zaure idonta ja. Ta ce matar tela ce, ba a hana ta shiga gidan nan, ta shigo da fura a kwano tana sallama tana sannu da mai jiki. Na wuce ta.

Inna tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa yadda ake amsa wa baƙo, lafiya lau, ya hanya, ya iyali. Ta bar ni a durƙushe. Can ta ce, "An ce hoton ƙafarka yana cikin waya."

Na ce, "Inna, ba ni na sa ba."

"Ban tambaye ka wanda ya sa ba. Mutanen Kano sun ga ƙafarka, ni da na haife ta ban gani ba. Miƙo."

Na zauna na cire takalmi na miƙa. Ta laluba, don idonta ya yi rauni, ta sa babban yatsa a saman ƙafar ta danna, ta ɗauke. Wajen ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta shafa ramin da yatsa. Haka ta riƙa yi wa marigayi yayana kowace safiya, ta san abin da take nema.

Na ce likita ya ce da sauƙi, an gano da wuri. Ta ce, "Yayanka ma haka ya ce mini." Ta dafa bango ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. An kai mata tuwo, aka dawo da shi yadda aka kai.

Abin da na so in tsare ke nan, kuma ban tsare ba. Da ni na gaya mata, da na zaɓi rana, na zaɓi kalma, na zo da magani a hannu ta gani. Sai ta ji a bakin matar maƙwabta, a matsayin wadda kowa ya riga sani. Shafin kuwa yanzu a rufe yake gam, layina ne a kai, ba wanda yake shiga. Na rufe shi bayan an gama kwashe abin da yake ciki. Mutane suna ce mini tela niyyarsa mai kyau ce. Wataƙila. Ni dai na san shekarun da ya yi yana sauraron muryata a shagonsa, in na zo kuma ya ba ni ruwa ya tambaye ni labari kamar bai sani ba.

Washegari da na dawo daga masallaci na sa ƙanwata ta ɗauko tabarma, muka zauna a ƙofar ɗakin Inna. Na ciro takardar asibiti da ledar magani na ajiye. Na yi sallama, ta ɗaga labule. Na gaya mata komai tun daga ranar da takalmina ya fara matse ni, abin da likita ya ce, abin da ya hana ni ci, abin da bai sani ba tukuna. Ƙanwata tana karanta takardar tana fassara abin da ta iya. Inna ta ɗauki magungunan ɗaya ɗaya tana shafawa. Ta tambayi ranar komawa asibiti, na faɗa mata. Ta ce a haɗa mata kayanta, Gashuwa za ta, ita za ta riƙa yi mini miya, don matata hannunta yana da gishiri.

Na ɗauki jakarta, ƙanwata ta riƙe mata hannu, na tsayar da mai adaidaita sahu ya kai mu tasha. Na ce masa ya bi ta bayan kasuwa, kada mu wuce ta gaban shagon tela.